Yadda ake shirya wa yajin ƙuli suna, leda da sitika har ya shiga shago

Duk wanda ya tsaya minti goma a bakin shagon unguwa zai ji yadda mutane ke kiran kaya. Ba kasafai za ka ji an ce fulawar Golden Penny ba, sai dai fulawa mai kwabo. Garin sabulu ko na wane kamfani ne Omo ake ce masa, sai a bambance da cewa mai giwa, ko shuɗin nan. Sau da yawa kuma wanda ke tsaye a gaban shagon ba shi ne mai girkin ba. Yaro ne aka aiko, kuɗi a dunƙule a hannunsa, yana tafe yana maimaita saƙon kada ya manta. Mai yajin sayarwa wannan yaron ya kamata ya sa a ransa tun kafin ya je wurin mai zane, domin idan yaron ba zai iya faɗin sunan kayan ba, kuma ba zai iya nuna shi da yatsa daga bakin shago ba, to wani yajin zai kai gida.

Suna da tambari

A fara da hoton, sannan sunan ya biyo baya. A zaɓi abu guda ɗaya da kowa ya sani kuma yake da suna gajere: zabo, tulu, fitila, tauraro, raƙumi. Abu ɗaya tak. Tambarin da aka cusa masa barkono da tsire da harshen wuta da kambun sarauta gaba ɗaya ba shi da sunan da za a kira shi da shi. Wanda aka zana zabo ɗaya a tsakiyarsa kuwa, cikin mako biyu ya zama yaji mai zabo, ko mai kayan ya so ko bai so ba.

Sunan kada ya wuce gaɓa uku ko huɗu. Gwajinsa mai sauƙi ne: a faɗa wa mutum biyar ta waya sau ɗaya, a ce su rubuto. Idan uku sun rubuta shi daban-daban, a sake. A guji suna irin Yaji Mai Daɗi ko Yaji Na Musamman, saboda kowane mai yaji yana da ikon faɗin haka a kan nasa, kuma ofishin rajista ba ya mallaka wa mutum ɗaya kalmar da siffanta kaya kawai take yi.

Wani abin da ake yawan mantawa shi ne ƙarshen leda bola ne ko kwata. Don haka kada a buga aya, ko bisimilla, ko sunan Allah a jikinta, komai kyan niyya. Akwai gidajen da za su ƙi sayen kayan saboda wannan kaɗai, kuma suna da gaskiya.

Takardu kafin bugu

Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, mai rajistar kamfanoni, daban, rajistar tambari daban. Ta farko tana ba da damar buɗe asusun banki da sunan sana'a, amma ba ta hana wani ya buga zabonka a tasa ledar. Mai hana wannan ita ce rajistar alamar kasuwanci, wadda ofishinta ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari a Abuja. Kaya a can rukuni-rukuni ne: yaji da sauran kayan ƙamshi suna rukuni na 30, kilishi da dambun nama suna na 29, zoɓon sha yana na 32. Ana fara da bincike a ga ko wani ya riga ya ɗauki sunan a wannan rukunin, sannan a shigar da buƙata, a karɓi takardar amincewa, a buga a mujallar ofishin don mai ƙorafi ya fito. Rajistar farko shekara 7 take yi, daga nan ana sabuntawa duk shekara 14.

Sai NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Za su nemi takardar CAC da shaidar rajistar tambari, su duba wurin da ake haɗa yajin, su kai samfuri ɗakin gwaji, su kuma duba zanen sitikar. Lambar da suke bayarwa shekara 5 take aiki. Tunda suna iya cewa a gyara wani abu a zanen, kuskure ne babba a buga sitika dubu biyar kafin su amince. A bar gurbin lambar a zanen, a jira. Aron lambar wani kuwa, ko ƙirƙirar ta ƙarya, laifi ne da ke jawo ƙwace kaya da rufe wuri.

Leda ko roba

Nan ne yawancin masu farawa ke asara, don haka a nutsu. Yajin ƙuli yana da abokan gaba uku: danshi, iska da hasken rana. Danshi yana sa shi ya dunƙule, musamman da damina, tunda gishirin da ke ciki yana jan ruwa daga iska. Iska tana sa man gyaɗar da ya rage a ƙulin ya canza, yajin ya fara warin tsohon mai. Rana kuma tana kashe jan barkono, yajin da ya fito jawur ya koma kamar ƙasa.

Farar ledar ƙulli ba ta tare ko ɗaya daga cikin ukun, kuma mai yana ratsa ta har ya ɓamɓare sitika. Abin da ya dace shi ne leda mai gindi wadda ke tsayawa da kanta, mai zif a baki, mai kaurin maikiron 80 zuwa 120 (maikiron shi ne ma'aunin kaurin leda). Mafi kyau ita ce mai azurfa a baya da gefe, da ƴar taga a gaba. Tagar tana da muhimmanci a wurinmu, saboda mai sayen yaji yana son ya ga launi da laushin gari kafin ya ba da kuɗinsa. Amma kada ta yi faɗi, kamar yatsu biyu ya isa, sauran gaban sitika ta rufe shi.

Robar da ke da murfin murɗawa ta fi daɗin amfani a kicin kuma ana sake amfani da ita, sai dai ta fi tsada, ta fi cin wuri a kwali, kuma murfin shi kaɗai ba ya tare iska. Idan ita aka zaɓa, a sa ƴar takardar azurfar nan da ake liƙewa a baki kafin a rufe murfi.

Kada a sayi leda da ƙiyasi. A sayo guda biyar-biyar na girma biyu ko uku, a auna giram 100 a zuba a gani. Girman da ya dace shi ne wanda yajin zai cika kamar kashi biyu cikin uku, ya bar aƙalla santimita 3 a sama don liƙi. Ledar da ta yi girma da yawa tana sa kaya su yi kama da an rage, wadda ta cika fal kuma ba ta liƙuwa.

Abin da za a rubuta

Gaban leda na mai wucewa ne, bayanta na mai karatu. A gaba abu huɗu kawai ake buƙata: tambari, suna, abin da ke ciki, da nauyi. Tambari da suna su ci rabin filin. Idan akwai mai zafi da marar zafi, a bambanta su da launin zare ɗaya a sama, ja da kore misali, amma zabon da wurin zamansa kada su motsa.

A baya ne ake jera abin da dokar lakabin abinci ta tanada: kayan haɗi daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, wato ƙuli, barkono, citta, gishiri, dunƙule, masoro, kanumfari, gwargwadon yadda suke a haɗin, sunan mai yi da cikakken adireshi, ba lambar waya kaɗai ba, lambar rukunin da aka haɗa, wato lambar da ake ba kowane haɗi, ranar yi da ranar da ya kamata a gama amfani, yadda za a adana, bayanin sinadaran gina jiki, da lambar NAFDAC. A rubuta ɓaro-ɓaro cewa akwai gyaɗa a ciki, domin akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓarta ko kaɗan, har takan kai su asibiti. Dokar ta ce bayanin ya kasance da Ingilishi, amma ba ta hana a ƙara Hausa a gefe ba, kuma ya kamata a ƙara. Wanda kayansa ke ƙetarawa Maraɗi ko Damagaram sai ya sa layin Faransanci.

Kada a rubuta cewa yana maganin sanyi, ko basir, ko yana ƙara ƙarfi. Da an faɗi haka an fita daga layin abinci an shiga na magani, kuma zanen ba zai wuce ba.

Manyan kantuna masu na'urar karanta farashi za su nemi lambar nan mai layi-layi. Ta gaskiya daga GS1 Nigeria, ƙungiyar da ke ba da irin wannan lamba, ake samunta, lambobi 13 ne masu farawa da 615. Wadda aka ciro kyauta a intanet tana iya cin karo da ta wani kayan. A buga ta baƙi a kan fari, faɗinta kamar santimita 3 da rabi, a bar fili fari hagu da dama. Layukan ja ba sa karantuwa, saboda hasken na'urar ja ne, sai ta gan su kamar fari. Wanda shagunan unguwa kawai yake kai wa yana iya jinkirta wannan.

Wurin mai zane da mai bugu

A je wa mai zane da ledar kanta a hannu, ya auna da rula. Ga leda mai faɗin santimita 12, sitika mai faɗin 8 da tsawon 10 tana zama daidai. A ce masa ya yi aikin a tsarin launin bugu, wato CMYK, ba na fuskar waya ba. Jan da ke walƙiya a waya yakan fito a dushe a takarda, kore mai haske kuma ya koma kamar ganyen da ya kwana. Launi biyu ko uku sun isa, kuma a nemi mai zanen ya rubuto lambobin kowane launi a ajiye.

Launin bango ya zarce layin yanka da milimita 3 ta kowane gefe, rubutu kuma ya tsaya milimita 3 daga ciki. Wuƙar yanka ba ta faɗawa daidai kullum. Idan babu wannan rarar, sai a ga farin zare a gefe ɗaya, ko a yanke lambar ƙarshe ta waya. Ƙananan rubutu kada su gaza maki 6 a ma'aunin girman harafi na kwamfuta, kuma a yi su da baƙi zalla, domin baƙin da aka haɗa da launi huɗu yana fitowa da inuwa idan injin ya ɗan goce.

Haruffanmu masu lanƙwasa suna da tasu matsalar. Salon rubutu da yawa ba su da ƙ, ɗ da ɓ, sai kwamfutar mai bugu ta mayar da su akwati, ko ta sako harafi daga wani salon ya fito kamar baƙo a tsakiyar kalma. Maganinsa shi ne mai zanen ya mayar da duk rubutun zane kafin ya tura, a CorelDRAW danna Ctrl da Q ne, sannan ya fitar da PDF. Ya riƙe kwafin da ba a mayar ba don gyaran gaba. A tura fayil ɗin a matsayin takarda, ba a matsayin hoto ba, saboda WhatsApp yana matse hoto har rubutu ya dagule.

Kafin bugu mai yawa a biya kuɗin takarda ɗaya ta gwaji. A yanka, a manna a leda mai yaji a ciki, a rataye a inuwa, a ja da baya taku huɗu. Idan ba a gane zabon da sunan daga nan ba, rubutun ya yi ƙanƙanta ko launin bai rabu da bango ba. A kira yaro ɗan shekara bakwai a tambaye shi me ya gani. A ba wani wanda bai taɓa ganin zanen ba ya karanta bayan da ƙarfi, harafi-harafi, ya kuma kira lambar wayar da ke jiki. Sannan a ɗiga ruwa a sitikar, a shafa ɗan mai, a goga da yatsa. Ta takarda zalla da tawadar injin ofis za ta zube nan take. Ta roba, ko ta takarda da aka lulluɓe da laminashin, za ta tsaya.

Takardar A3 ɗaya tana ɗaukar sitika 9 masu wancan girman, har da rarar yanka. Don leda 200 ana buƙatar takarda 23 na gaba, a ƙara biyu saboda waɗanda za su karkace wajen mannawa. Kada bugun farko ya wuce haka. Kusan kullum akwai abin da za a so a canza bayan wata guda. Buga zane kai tsaye a jikin leda ya fi arha a kan kowace guda, amma masu yi ba sa karɓar ƙaramin aiki, sai kasuwa ta zauna ake zuwa nan.

Mannawa, awo da liƙi

Ana manna sitika ne tun leda tana fanko, a shimfiɗe a kan tebur, da hannu busasshe marar mai. A yi ma'auni da kwali mai kusurwa a manne shi a tebur, yadda kowace leda za ta zauna wuri ɗaya. Leda goma a jere a kanta, idan sitikar kowacce da tsayinta, ido yana gani tun daga nesa.

A bar yajin ya huce sarai bayan niƙa da tankaɗe, domin garin da aka rufe da ɗumi yana yin gumi a ciki. A ɗora ledar fanko a sikelin lantarki, a mayar da shi sifili, sannan a zuba ta mazurari mai dogon baki. A sa giram 102 a ledar da aka rubuta 100. Da wannan rarar da abin da ke zubewa, kilo 10 ba zai ba da leda 100 ba, tsakanin 95 da 98 zai bayar, kuma da wannan adadin za a yi lissafin farashi.

Zif ba liƙi ba ne. Bayan an matse iska an ja zif, sai a liƙe saman da injin liƙi na hannu. A fara da lamba 3 ko 4 a maɓallin zafi a gwada da ledar banza: idan ta buɗe da an ja, a ƙara, idan ta yanƙwane ko ta yanke, a rage. Bayan fitilar injin ta mutu a ci gaba da dannewa daƙiƙa biyu, a nan ne liƙin ke kamawa. Abin da ya fi ɓata liƙi shi ne garin yaji a bakin leda, don haka a goge ciki da busasshen ƙyalle kafin a danna. Idan layin ya fara fitowa da ƙuna-ƙuna, ƙyallen da ke kan wayar injin ne ya cinye, a canza shi. Daga kowace hamsin a ɗauki ɗaya a nutsa a bokitin ruwa a matsa; kumfa na nufin akwai ƙofa.

Tawadar hatimi ta ofis ba ta bushewa a kan sitika mai sheƙi, yatsa ɗaya ke share ta. A nemi tawada mai saurin bushewa ta roba, ko a buga kwanan wata a ƴar farar sitikar takarda a manna a gurbin da aka bari. Ranar ƙarewa kuma ba a kwafo ta daga ledar wani. Daga kowane haɗi a ajiye leda shida a ɗaki irin zafin shago, a riƙa buɗe ɗaya duk wata ana shinshinawa ana ɗanɗanawa, a rubuta a littafi tare da lambar rukunin. Wannan littafin da sakamakon ɗakin gwaji su ne za su faɗi wata nawa za a rubuta.

Farashi da shiga shago

A tara kuɗin komai: kayan haɗi, niƙa, leda, sitika, wuta ko man janareta, kuɗin mota, da ladan mai aiki ko da mai kayan ne da kansa. A ce duk sun kama naira 700 a kan leda ɗaya. Idan an ba mai shago a 880 ya sayar 1,000, kowa ya samu. Farashin ƙarshe ya zama cikakken kuɗi wanda ba ya neman canji, kuma ribar mai shago kada ta gaza wadda yake samu a yajin da ke wurinsa yanzu, in ba haka ba ƙasan kanta zai tura naka.

Ƙaramin ƙulli ya fi babba saurin jawo sabon mai saye. Da ƙananan ledoji madarar gari irin Cowbell ta shiga gidajen da ba sa iya sayen gwangwani. A yi na giram 20 ko 25 a jere goma sha biyu, da huda a sama, yadda mai shago zai rataye a ƙusa daidai idon mai shigowa. A roƙe shi ya rataye ta ciki inda rana ba ta bugu.

A fara da shago goma a unguwa ɗaya ko biyu da za a iya zagayawa a yini guda. Kowanne a ba shi dozin ɗaya, a rubuta adadi da rana a littafi, ya sa hannu. Masu awara, masu dankali da masu ƙwai da biredi da ke kusa da shagunan a ba su kyautar leda ɗaya-ɗaya su ajiye a kan teburinsu da sitikar tana kallon mutane. Wanda ya ɗanɗana ya tambaya, sai a nuna masa shagon da ke gefe.

Hoton da za a sa a WhatsApp, Facebook ko Instagram a ɗauke shi da safe kusa da taga, a kan farin kwali, ba tare da filashi ba, saboda filashi yana haske sitika har sunan ya ɓace. A goge gilashin kyamarar. A ajiye ɗan yaji a faranti a gefen ledar, a rubuta nauyi da farashi da unguwar da ake samu a ƙarƙashin hoton, kada a bar mutane suna tambaya.

Bayan mako ɗaya a koma kowane shago da tambaya uku: nawa suka fita, wa ke saye, kuma da wane suna suke tambaya. Idan mai shago ya ce mai zabo suke cewa, to a bugu na biyu a ƙara girman zabon, a rubuta Mai Zabo a ƙarƙashinsa. Duk ledar da ta dushe ko sitikarta ta ɗago a karɓe ta a musanya da sabuwa, a duba lambar rukuninta a littafi a ga me ya faru a wannan haɗin. Idan tsadar gyaɗa da barkono ta tilasta a rage nauyi zuwa giram 80, a gyara lambar da ke jikin sitika a ranar, a kuma faɗa wa masu shago da baki. Ranar komawa wurin mai bugu a tafi da tsohuwar sitika guda ɗaya da ba ta sha rana ba, tare da lambobin launin da aka ajiye, a aza sabon gwajin kusa da ita a hasken waje kafin a ce ya ci gaba da sauran.